Neman shawara: El Primero ko Valjoux 7750?

Assalamu alaikum 'yan uwa. An kawo min agoguna biyu na hannu, duka 'yan Suwizalan, masu inji ba batir, irin masu maɓalli biyu a gefe da ake auna daƙiƙa da su, wato chronograph. Ɗaya Zenith ne mai injin El Primero, ɗayan kuma Valjoux 7750 ne a cikinsa. Dillalin ya ce Zenith ɗin ne chronograph na farko a duniya da ya fara yi wa kansa wani, wato ba sai an murɗa shi da hannu ba, shi kuwa 7750 injin talaka ne. Kuɗin Zenith ya fi nesa ba kusa ba. Gaskiya ya faɗa min, ko romon baka ne? Wanne zan ɗauka? Agogon sawa kullum nake nema.

Mai tara tsofaffin agoguna:
Wa alaikumus salam. Dillalinka ya faɗi rabi ya haɗiye rabi. A 1969 ɓangarori uku ne suka yi tseren fitar da chronograph na farko mai yi wa kansa wani. Zenith ta sanar da El Primero ranar 10 ga Janairu. Haɗin gwiwar Heuer, Breitling, Hamilton-Büren da Dubois Dépraz suka nuna nasu, Calibre 11, ranar 3 ga Maris. Seiko ta Japan ma ta fito da 6139 a wannan shekarar. Zenith ta riga kowa sanarwa, amma batun wanda ya fara shiga kanti, har yau masana na ja-in-ja a kai. Abin da ba a musu shi ne, an ƙera El Primero dunƙule ɗaya tun daga tushe, kuma yana bugu 36,000 a awa, goma ke nan a daƙiƙa. Calibre 11 kuwa ɗori ne, an aza kayan auna lokaci a kan injin Büren, shi ya sa ɗan kan da ake murɗawa a yi masa wani ya koma hagu.

Tsohon mai gyara:
Ɗana, bari in yi maka maganar teburin gyara. In ka buɗe bayan El Primero za ka ga wani ɗan wili mai ginshiƙai a tsaye. Duk danni ɗaya na maɓallin sama yana juya shi taki ɗaya, hannayen ƙarfe su faɗa tsakanin ginshiƙan ko su hau kansu. Wannan tsohon tsari ne, shi ke cikin injin Valjoux 72 da na Omega 321 wanda ya je wata a hannun 'yan sama jannati. Dannawa da laushi, amma ƙera shi da saita shi akwai cin lokaci da kuɗi. Saboda haka kamfanoni suka koma ga faranti mai lanƙwasa da ake bugawa da yawa a masana'anta, Landeron 48 na cikin na farko-farko. Ita kanta Omega ta sauya 321 da 861 mai irin wannan faranti wajen 1968, kuma ba wanda ya ce agogonta Speedmaster ya zama na talaka.

7750 daga wannan gida ya fito. Edmond Capt ne ya zana shi a farkon shekarun 1970, bugunsa 28,800. Maɓallinsa da tauri, yana da kauri, kuma ƙarfen da ke juyawa a ciki yana yi masa wani ɓangare ɗaya kawai yake ja, in ya juya ɗaya ɓarin sai ka ji yana karkarwa a wuyan hannunka. Kar ka tsorata, halinsa ne. Jaki ne wajen aiki. IWC, Breitling da TAG Heuer duk sun yi amfani da shi, kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu, ga Sellita SW500 da aka yi a kan tsarinsa. Na Zenith fa, in wani abu ya karye, sai ka yi dogon jira ko ka aika waje.

'Yar group:
Baba ya gama magana, amma ku bar ni in kare Zenith. Da agogon batir ya karya kasuwa, masu kamfanin na lokacin, Amurkawa, suka ba da umarni a 1975 a daina injin a rabu da kayan ƙera shi. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya kwashe su ya ɓoye a saman ginin masana'anta. Da su aka farfaɗo da shi, har Rolex ta sa shi a agogonta Daytona daga 1988 zuwa 2000, bayan ta rage bugun zuwa 28,800. In kana da hali, wannan tarihin ma abin saye ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Baba, me zan duba kafin in biya?

Tsohon mai gyara:
Ka sa a buɗe bayan a gabanka, don jabu sun yi yawa, wasu ma ƙananan hannayen ado ne kawai. Danna maɓallin sama, ka bar shi ya wuce minti ɗaya, ka ga ko ƙaramin hannun minti ya motsa. Tsayar, ka danna na ƙasa: dogon hannun ya koma kan 12 daidai, ba gefe ba. Ka tambayi yaushe aka yi masa sabis na ƙarshe, in babu takarda ka rage kuɗin sabis daga farashin. Na sawa kullum dai, ni 7750 zan ɗauka.