Addini da mulki a dogayen labaran almara na Turawa: daga tarihi aka ɗebo, ko ra'ayin marubuci ne?

Ɗan Takarda ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga ni nisa a karatun dogayen labaran almara na Turawa, irin waɗanda marubuci yake ƙirƙirar duniya sukutum da sarakunanta da yaƙe-yaƙenta da addinanta. Ni da littattafan yaƙi na Hausa na tashi, kuma a cikinsu al'amarin a fili yake: ga azzalumin sarki da bokansa a gefe, ga jarumi mai imani, mai karatu kuwa tun daga shafin farko ya san inda gaskiya take. Da na koma kan littattafan George R. R. Martin sai na tarar da wani abu dabam. A cikin labarin, Sarauniya Cersei ta amince wa shugaban Addinin Bakwai, wanda yake yawo ba takalmi cikin talakawa, ya sake kafa rundunar addini mai ɗauke da makamai, a madadin ya yafe bashin da yake bin fada, ya kuma sa wa ɗanta sarki albarka. Ba a jima ba rundunar ta kama ita kanta, aka aske mata kai, aka tuɓe ta, aka sa ta ratsa gari a ƙasa jama'a na jifanta.

Abin da nake son sani shi ne, wannan ciniki tsakanin fada da malaman addini daga tarihin gaske aka ɗebo shi, ko kuwa marubucin ne yake ganin addini ba komai ba ne illa sandar siyasa?

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Takarda. Kusan duk abin da ka lissafa yana da tushe a tarihin Turai, kuma Martin bai taɓa ɓoye hakan ba. Ginshiƙin labarin, wanda kundinsa na farko ya fito a 1996, ya jingina ne da yaƙin gadon sarautar Ingila tsakanin gidan York da gidan Lancaster, wanda ya faro a 1455 ya kai shekara talatin ana gwabzawa. Addinin Bakwai kuwa an ɗinka shi ne a kan ƙirar cocin Katolika na wancan zamani. Ita ma tafiyar wulakanci da Cersei ta yi tana da asali: a 1483 Sarki Richard na Uku ya sa Jane Shore, ƙwarƙwarar yayansa marigayi Edward na Huɗu, ta ratsa titunan Landan ba takalmi, da 'yar rigar ciki kawai, riƙe da kyandir. Laifin da aka ambata na ɗabi'a ne, amma abin da ya kai ta ga hakan kusancinta ne da mutanen da Richard yake son kawarwa. Martin ya ƙara gishiri, domin ita Jane ba a tuɓe ta tsirara ba.

Batun bashi ma ba ƙage ba ne. Sarkin Faransa Philip na Huɗu yana cikin matsin kuɗi, kuma mayaƙan coci da ake kira Templar suna cikin masu binsa bashi, lokacin da ya sa aka kame su a rana ɗaya, 13 ga Oktoba 1307, bisa zargin ridda. An ƙona shugabansu Jacques de Molay a 1314. Shi kuma mai wa'azin nan maras takalmi, ni kullum yana tuna mini Savonarola na birnin Florence a Italiya, wanda ya samu faɗa a ji daga 1494, ya sa aka tara madubai da kayan ado da zane-zane aka cinna musu wuta a 1497, sannan birnin ya juya masa baya aka rataye shi aka ƙona gawarsa a 1498.

Sai dai inda nake so ka tsaya ka duba da kyau shi ne abin da ya faru a Canossa, wata ganuwa a arewacin Italiya. Fafaroma Gregory na Bakwai da Sarkin Jamus Henry na Huɗu sun yi rigima a kan wanda yake da ikon naɗa bishop-bishop, domin bishop a lokacin yana riƙe da filaye da haraji da mayaƙa, wato hakimi ne da rigar limanci. Fafaroma ya kori sarkin daga coci a 1076, manyan hakiman Jamus kuma suka ba shi wa'adi: ko ya nemo yafiya, ko su naɗa wani. A watan Janairun 1077 Henry ya tsallaka duwatsun Alps cikin tsananin sanyi, ya tsaya kwana uku a ƙofar ganuwar Canossa da tufafin tuba kafin a buɗe masa. Siyasa ce tsantsa, shaidar hakan kuwa ita ce a 1084 ya shiga birnin Rum da sojoji, Gregory ya mutu a gudun hijira a Salerno a shekarar da ta biyo. Amma me ya sa makamin Fafaroma ya yi kaifi tun farko? Saboda hakimai da talakawa sun yi imani da gaske cewa rantsuwar biyayya ga korarren sarki ta warware. A nan nake ganin Martin ya ɗan gaza. Manyan mutanen labarinsa, masu wayo da mai karatu yake so, akasarinsu ba su damu da addini ba, alhali sarakunan da ya kwaikwayo suna tsoron wuta da gaske. Henry na Biyu na Ingila ya miƙa bayansa limaman Canterbury suka tsula masa bulala a 1174 a kabarin Thomas Becket, babban limamin Canterbury, wanda jaruman sarkin suka kashe a 1170. Akwai lissafin mulki a ciki, tun da ana yi masa tawaye a lokacin, amma ba za a ce babu fargabar lahira ba.

Maman Hanan ta amsa:

Allah ya ƙara basira, Malam. Ina so in ƙara da cewa bai kamata a auna fannin gaba ɗaya da mudun Martin ba. J. R. R. Tolkien ɗan Katolika ne mai riƙo, amma wanda ya karanta The Lord of the Rings, da ya fito a 1954 da 1955, zai yi ta nema bai ga wurin ibada ko limami ko ɗaya ba. Da gangan ya yi haka. A wata wasiƙa da ya rubuta wa wani abokinsa mai karatun limanci a 1953 ya bayyana cewa aikin na addini ne tun daga tushe, kuma dalilin ke nan da ya sa ya cire ambaton ibadu, ya bar addinin ya narke cikin labarin kansa. Ɗan abin da ya rage shi ne irin wurin da wani jarumin labarin, Faramir, da mutanensa suka miƙe tsaye suka fuskanci yamma, suka yi shiru na ɗan lokaci kafin su ci abinci, har baƙonsu Frodo ya ji kunyar cewa mutanensa ba su da irin wannan al'ada. Babban ɗakin bauta da aka gina a tsibirin Númenor kuwa, a wani littafin nasa, The Silmarillion, babban mugun nan Sauron ne ya sa aka gina shi bayan ya zama mashawarcin sarki, kuma mutane ake yankawa a ciki.

Duk da haka siyasar addini ta shigo ta bayan gida. Abin da ya tabbatar wa mutanen birni cewa Aragorn, ɗaya daga cikin jaruman The Lord of the Rings, shi ne sarki na haƙiƙa ba takobinsa ba ne, hannunsa ne da ya warkar da majinyata. Wannan tsohuwar aƙida ce a Ingila da Faransa, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana kai wa sarki masu ciwon kumburin wuya domin ya shafa su. Sarauniya Anne ta Ingila ta shafi marubucin nan Samuel Johnson yana ƙaramin yaro a 1712. Saboda haka Tolkien ya karɓi ra'ayin cewa sarauta tana da albarka daga sama, ya ƙi amincewa da malamin da yake zaune a gindin karaga.

Bagobiri ya amsa:

Malam da Malama sun yi bayani a kan Kiristancin Turai, ni kuwa abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake aron tarihin Musulmi. Dune na Frank Herbert, na 1965, labarin sararin samaniya ne, amma ƙirarsa ta almara ce, kuma mai jin Hausa zai yi ta tuntuɓe da kalmomin da ya sani: Mahdi, jihadi, Lisanul Gaibi. Herbert ya ɗebi abubuwa da dama daga littafin Lesley Blanch na 1960 a kan Imam Shamil, wanda ya yi shekaru yana yaƙar Rasha a duwatsun Kaukasus har ya miƙa wuya a 1859. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne, a labarin, wata ƙungiyar mata masu dabara ce ta shuka busharar zuwan mai ceto a tsakanin mutanen hamada tun ƙarnoni da suka wuce, domin wani nata ya ci moriyarta wata rana. Na san manufarsa gargaɗi ne a kan bin jagora ido rufe, amma sakamakon shi ne imanin talakawan ya zama tarkon da baƙo ya ɗana. Mu da muka san labarin Mahadin Sudan, wanda ya yi da'awa a 1881 ya ci Khartum a 1885, da kuma tawayen Satiru kusa da Sakkwato a 1906, wanda fadar Sarkin Musulmi ba ta goyi bayansa ba, mun san cewa irin wannan guguwa daga cikin jama'a take tasowa, daga haraji da mamaya da littattafan da malamansu suka daɗe suna karantawa.

The Lions of Al-Rassan na Guy Gavriel Kay, na 1995, ya fi kusa da tarihi. Andalus ce aka sauya wa suna, a zamanin ƙananan sarakunan da suke biyan sarakunan Kirista kuɗin kariya. Bayan faɗuwar Toledo a 1085, Mu'utamid na Ishbiliya da takwarorinsa suka gayyato Yusuf bin Tashfin na Murabiɗai daga Magrib, aka yi nasara a Zallaƙa a 1086, sannan ya dawo ya tuɓe su ɗaya bayan ɗaya da fatawar malaman Malikiyya. Mu'utamid, sarki kuma mawaƙi, ya ƙare rayuwarsa a tsare a Agmat. Kay ya kama wannan baƙin ciki sosai. Amma shi ma, duk wanda yake so mu ƙaunata sai ya mai da shi mai sakaci da addini, duk mai tsananin riƙo kuma, ko daga wane ɓangare, sai ya zama mai hura wutar fitina.

Malamin Tarihi ya sake amsawa:

Na yarda da kai a kan Kay, Malam Bagobiri, sai dai a yi masa adalci ta fuska ɗaya. Mutanen da ya gina labarin a kansu sun wanzu. Rodrigo Díaz, wanda ake kira El Cid, Kirista ne da ya yi wa sarakunan Musulmi na Zaragoza aikin soja tun daga 1081 kafin ya ci Valencia don kansa a 1094, kuma a Garnaɗa an yi wazirai Yahudawa, uba da ɗa, har zuwa kisan gillar 1066. Abin da Kay ya bari shi ne mutum na uku, wanda yake da tsananin riƙo amma ba ya neman karaga. Irinsa shi ne Imam Ahmad bin Hambal, lokacin da Halifa Ma'amun ya fara tilasta wa malamai wata aƙida a 833. An ɗaure shi, an yi masa bulala a zamanin Mu'utasim, bai sauya magana ba, bai kuma kira kowa ya ɗauki makami ba, har Mutawakkil ya zo ya janye dokar. Ban ci karo da mai irin halinsa a littattafan da muka ambata ba. Idan Malam Ɗan Takarda yana son ci gaba, ina ba shi shawarar ya fara da na Kay, yana karantawa yana duba tarihin Andalus na shekarun 1031 zuwa 1099 a gefe.