Musayar Waƙa: Ɗan Barewa da Mai Ɗakin Jan Bulo

Malam Ɗan Maiurno:
Salamu alaikum. Batun makon nan: cikin mutanen da marubuta suka ƙago, wanda ya rayu shi kaɗai da wanda kewa ke ci, ciwonsu ɗaya ne? Ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Na buɗe da Hayyu bin Yaƙzan, gwarzon ƙagaggen labarin Ibnu Ɗufail, malamin Andalus da ya rasu a 1185.

Bismillahi da shi nake farawa,
Zancen kaɗaici da ciwon kewa.
Hayyu tun yana jinjiri a tsibiri,
Ba uwa, ba uba, sai nonon barewa.
Bai ga mutum ba, bai ji magana ba,
Ba mai sallama, ba mai amsawa.
Ya girma yana duban taurari,
Har ya gane akwai Mai gudanarwa.
Wanda bai ɗanɗani zaman taro ba,
Wa zai tuna har ya hau kokawa?

Hajiya 'Yar Kasala:
Allah gafarta Malam, ka yi tsallake.

Ina ka bar ranar da ta kwanta,
Tsufa ya ci ƙarfin barewa?
Ya kira ta da kukan da suka saba,
Ta yi shiru, babu ko motsawa.
Ya duba ido, ya duba kunne,
Babu rauni, babu toshewa.
Ya fasa dutse ya tsaga ƙirjin,
Gurbi guda a zuciya ba kowa.
Mai hankali kwance ba ya wannan,
Aikin maraya ne mai neman uwa.

Malam Ɗan Maiurno:
Hajiya, ƙarasa mana labarin,
Gawar ai ta soma ruɓewa.
Ya ga hankaka na binne ɗan'uwa,
Ya haƙa nasa, ya bar waiwayawa.

Auta na Gadarif:
Baba Malam, Inna Hajiya, a yi mini afuwa, ina gonar riɗi, intanet sai na hau tudu. Ku bar tsibiri ku dawo gida. Ga Mustafa Sa'id, wanda namu Ɗayyib Salih, marubucin Sudan, ya ƙago a littafinsa na 1966.

Baƙo ya sauka ƙauyen bakin Nilu,
Ya sayi gona, ya hau nomawa.
Ga Husna, ga 'ya'ya maza biyu,
Juma'a da shi ake sallacewa.
Kwamitin noma in ya yi magana,
Manya da yara suna saurarawa.
Amma a gidan akwai ɗakin jan bulo,
Ƙofar ƙarfe, babu mai leƙawa.
Littattafai har rufi, ba na Larabci,
Ga murhun ɗumi irin na Turawa.
Murhun ɗumi a ƙasar da rana
Ke gasa mutum tun da fitowa!
Sai da giya ta kwance masa harshe
Ya hau waƙar Ingilishi da rerawa.
Shi ne nawa gwanin ciwon nan,
Ga jama'a, ba wajen faɗawa.

Malam Ɗan Maiurno:
Auta, wasu ɗangwayenka sun fi 'yan'uwansu tsawo, amma murhun nan ya biya kuɗin karatu. Sai dai:

Shekara 7 ya yi kurkukun Ingila,
Jinin matarsa yake ɗaukowa.
Shi ya gina, shi ya riƙe makulli,
Mai laifi ne yake ɓoyewa.

Auta na Gadarif:
Baba, in ɓuya kawai yake so,
Don me ya bar makullin kafin ɓacewa?
Ya ba wa mai ba mu labarin,
Yana so wani ya zo buɗewa.

Hajiya 'Yar Kasala:
Yawwa Auta, Allah ya yi albarka. Malam, ka ce in ƙarasa labarin Hayyu, to bari in ajiye jabanata, butar gahawa. Absal mai ibada ne da ya zo wurin Hayyu daga tsibirin da Salaman ke shugabanta.

Absal ya zo, ya koya masa harshe,
Suka hau jirgi garin ganawa.
Mutanen Salaman suka tarbi Hayyu
Da hannu biyu da girmamawa.
Da ya soma faɗin abin da ya gano,
Murmushi a fuska, ana zamewa.
Shekara 50 bai nemi mai ji ba,
Ran da ya nema aka hau watsewa.
Ya ba su haƙuri ya juya tsibiri,
Amma da Absal ya yi komawa.
In kaɗaicin ya ishe shi, Malam,
Me ya hana shi tafiya ba kowa?