Tambaya: ta yaya aka gano asalin John Harvard tunda bai bar baya ba?

Ummu Safiyya: Salamu alaikum. John Harvard da aka sa wa jami'ar nan ta Amurka sunansa, ya je yankin Massachusetts daga Ingila a 1637, tarin fuka ya kashe shi a Charlestown a Satumbar 1638 yana ɗan shekara 30. Ba ɗa ba jika. To ta ina masu bin salsala suka kamo danginsa?

Malam Na-Tsangaya: Wa alaikumus salam, Malama. Wanda ya rasu da ƙuruciya ba a nemansa ta wajen zuriya, ta wasiyyoyin 'yan'uwansa ake bi. Shi Harvard ko wasiyya a rubuce bai bari ba, da baki ya yi ta: rabin dukiyarsa, kusan fam 780, da littattafai wajen 400 ga makarantar. Shi ya sa aka yi kusan shekara 250 ana lalube, har wani mai bin salsala Ba'amurke, Henry Waters, ya zauna ya tsefe tsofaffin wasiyyoyi a Landan, ya fito da amsar a 1885.

Abin da ya sa aka wahala shi ne sunan uwar. Katherine Rogers ce 'yar garin Stratford na Ingila, ta auri Robert Harvard, mahauci a unguwar Southwark ta Landan. Annobar 1625 ta ɗauke mijin da yawancin 'ya'yan. Ta sake aure sau biyu, Elletson sannan Yearwood. Saboda haka wasiyyarta ta 1635 da sunan mijin ƙarshe aka shigar da ita, a ciki ne ta ambaci 'ya'yanta John da Thomas. Wanda ya tsaya neman "Harvard" a jerin sunaye, sai ya wuce ta bai sani ba.

Baban Khalifa: Ƙari kan bayanin Malam, a kula da rubutun suna. A rajistar cocin St Saviour, inda aka yi masa baftisma ranar 29 ga Nuwamba 1607, "Harvye" aka rubuta. Magatakardan lokacin yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Sai sunan uba, sana'a da unguwa sun dace kafin a ce mutum ɗaya ne.

Sai kalanda. Kafin 1752, shekarar hukuma a Ingila ranar 25 ga Maris take farawa, abin da ya faru daga Janairu zuwa 24 ga Maris a tsohuwar shekara ake lissafa shi. Don haka za ki ga digirinsa na farko a kwalejin Emmanuel ta Cambridge wani ya ce 1631, wani 1632, alhali lokaci ɗaya suke nufi.

Ummu Safiyya: Na gode ƙwarai. Masu cewa su jikokinsa ne fa?

Malam Na-Tsangaya: Ba su da hujja. Da a fiƙihu ne sai a kira shi kalala, ba iyaye ba 'ya'ya, ƙanensa Thomas ma ya riga shi a 1637. Ruɗanin yakan zo ne ta matarsa Ann Sadler, wadda aka ce ta auri wani Thomas Allen bayan rasuwar Harvard. Duk abin da ya fito ta nan jinin Allen ne. Kada kuma mutum-mutumin da ke harabar jami'ar ya ruɗe ki. A 1884 aka yi shi, babu hoton Harvard ko ɗaya da ya rage, fuskar wani ɗalibi Sherman Hoar aka kwaikwaya.