Bindigata mai araha na watsa harsashi: me zan fara canzawa, kuma ina ake samun kayanta?

Sabon Maharbi:
Assalamu alaikum, manyanmu mafarauta. Bara na sayi bindigar farauta mai sakata, mai cin harsashin .308 Winchester, irin masu arahar nan da ake haɗo su da madubin saiti a kwali ɗaya. Sunan kamfanin ba zan kama ba, don mai yiwuwa laifin nawa ne. Takarduna da lasisi duk suna nan daidai, kafin wani ya tambaya.

Ga abin da ke damuna. Idan na kafa takarda a yadi 100 na yi harbi biyar, ukun farko sukan taru cikin inci ɗaya da rabi, na huɗu da na biyar kuma su gudu sama ta hagu, kusan inci uku. Kunamar tauri gare ta, na rataya mata ƙaramin sikelin awon jaka sai da ya kai laba shida kafin ta saki. Ƙotar kuwa roba ce, in na matse gabanta da yatsu biyu sai ta taɓa bututun.

Na rubuta jerin abin da nake so: ƙotar katako, sabuwar kunama, layin ɗora madubi, da madubin kansa. Da na haɗa lissafi sai na ga ya kusa ninka kuɗin bindigar sau biyu. Uwargida ta ga takardar, ta ce ashe riga za ta fi mai ita tsada. Da wanne zan fara? Kuma yaya ake gane kayan da za su shiga?

Tsohon Baushe:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ninke takardar nan ka sa aljihu tukuna. Ba a sayen magani kafin a san ciwo.

Fara da notinan da suka haɗa ƙarfen bindigar da ƙota. Duba littafin da ya zo da ita, kowane kamfani da nasa awon ɗauri, ka ari sifana mai awo ka ɗaure su daidai. Haka na zobban madubi, su galibi inci-laba (awon ƙarfin ɗauri) 15 zuwa 18 suke so, in ka wuce sai ka lotsa jikin madubin. Bayan nan ka zura siririyar takarda tsakanin bututu da ƙota, daga baki har gindi. Inda ta cije, nan ƙota ke taɓa bututu. Bututu yana karkarwa ne duk sanda harsashi ya bi ta cikinsa, to in yau roba ta tokare shi gobe ba ta tokare ba, harbin ba zai faɗa wuri ɗaya ba.

Sannan abin da ka faɗa game da na huɗu da na biyar bai ba ni mamaki ba. Bututun waɗannan bindigogi siriri ne don kada su yi nauyi a kafaɗa, saurin ɗaukar zafi gare shi. Yi uku, ka huta minti goma. Ni shekara da shekaru ina wannan harka, ban taɓa ganin barewar da ta tsaya jiran harbi na biyar ba. Na farko, bututu da sanyinsa, shi ne naka.

Ka kuma gwada harsashi iri uku, mai nauyin giren (awon nauyin harsashi) 150, 165 da 180. Bindiga kamar mutum take, akwai abin da cikinta ya fi karɓa.

Mai Sifana:
Baba Baushe ya gama magana kan bincike, ni bari in taɓa batun kaya, don nan na ƙone hannu.

Yawan kayan gyara ya danganta da yawan masu riƙe da irin bindigarka. Remington 700 tun 1962 take kasuwa, shi ya sa kusan duk mai ƙera ƙota ko kunama da ita yake farawa, har wasu kamfanoni ke ƙera nasu bindigogin a kan awonta don kayanta su shiga. Savage kuma bututunsu da babban noti ake ɗaure shi, canza shi ya fi sauƙi, amma sai da ma'aunin tazarar harsashi, ba aikin gaggawa ba ne. Ruger American ta 2012 ita ma ta tara kaya yanzu. Ƙotar katako mai hawa-hawa ka duba kamfanin Boyds, kunama ka duba kamfanin Timney, in firam ɗin alminiyam kake so a madadin ƙota akwai kamfanin MDT. Shafukansu na intanet suna ba ka damar zaɓen samfurin bindigarka. In ba ka ga taka ba a jerin, kada ka ce "ai kusan ɗaya ne". Babu kusan ɗaya a wannan harka.

Kafin ka yi oda ka tabbatar da gajeriyar sakata ce ko doguwa (.308 yawanci gajeriya ce, amma wasu masu arahar tsayi ɗaya suke yi wa kowane harsashi), ta dama ce ko ta bahago, gidan harsashinta ana cirewa ko a manne yake, da kaurin bututu. Ni tiredi, wato zanen murɗi na jikin noti, ne ya kayar da ni. Na sayi layin madubi mai noti 6-48 (lambar kaurinsa da yawan tiredinsa a inci ɗaya), wanda aka fi sani, ashe ramukan tawa 8-40 ne. Na zura noti yana ta lilo a rami kamar cokali a kofi. Sati uku na jira kafin na dace. Ban auna ba ne, ba laifin kowa.

Madubi kuma ka guji wanda aka karyar wa farashi fiye da hankali, jabu sun cika intanet. In daga wata ƙasa za a aiko ma, bincika dokarku da tasu tukuna. Amurka na da tsaurin doka kan fitar da sassan bindiga, dillalai da yawa ba sa ma aikawa waje.

'Yar Dawa:
Ƙanena, roƙo ɗaya nake maka: kada ka bi bidiyon da ke cewa a yanke sifirin ɗin kunama ko a goge haƙorinta da fayil. Ɗan cizon da ke riƙe da allurar harbi bai fi kaurin farce ba. Ka rage shi, bindiga na iya tashi da ka rufe sakata ko ta faɗi ƙasa. Ko dai ka sayi cikakkiyar kunama da aka yi wa samfurinka, ko ka kai wa maƙerin bindiga mai lasisi. Don farauta ni ba na sauka ƙasa da laba uku, saboda yatsa mai sanyi ko mai safar hannu ba ya jin abin da yake taɓawa. Bayan an sa, cire harsashi, duba ɗakinsa da ido da yatsa, ka ɗana bindigar, ka buga gindinta a kan tabarma sau da yawa. In ta saki, ba ta fita daji.

Batun ƙota kuma, ba lallai ka saya ba. Tawa na naɗe samfefa a jikin sanda na faɗaɗa kwarin da bututu ke kwanciya, na cika ramukan gaban da gam ɗin ifoksi. Ta yi ƙarfi, sai dai ta ƙara nauyi ta gaba, kuma ba kyau a ido. Ta katako ma nauyi gare ta, kafaɗarka za ta gaya maka in kun yi wuni kuna tafiya.

Sabon Maharbi:
Allah ya saka da alheri, na dawo da rahoto. Baba, notin gaba sai da ya yi kusan rabin juyi kafin sifana ta yi ƙas. Kunya ta kama ni, wata takwas ina zargin bututu. Takarda kuma ta cije ta hagu, inci biyu daga bakin ƙota, har robar ta yi sheƙi a wurin saboda guga. Na bi ta da samfefa kamar yadda Yaya ta ce, gam ɗin dai ban sa ba tukuna.

Jiya na yi uku-uku ina hutawa. Mai 150 ya ba ni inci ɗaya da rabi, mai 180 ya watse, mai 165 kuwa ramuka uku da na rufe su da babban yatsana, sau biyu a jere. Na soke ƙotar katako daga jerin. Kunama zan kai wa maƙeri ranar Asabar. Mai Sifana, na kwance noti ɗaya na layin madubi ina riƙe da shi yanzu haka, da me ka auna naka ka gane 8-40 ne?