Gayya ko jiran gwamnati?

Salamu alaikum jama'a. Kwatar unguwarmu ta cike da shara, damina kuma ta kusa, mun kai kuka har mun gaji. Don Allah ya ake hada kan mutane a yi da kanmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam dan uwa, ku fara da mai unguwa da liman, a yi sanarwa bayan sallar asuba. Mu gayya muka kira ran Asabar, magina biyu suka zo da kayan aikinsu, mai kurar ruwa ya bada aron kurarsa, mata suka dama kunu, wallahi kafin azahar mun gama.

Amsa: Gaskiya ne malam. Kudin siminti kuma ku yi adashe, kowa ya zuba dari biyar duk Juma'a, amma a rike a hannun dattijon da kowa ya yarda da shi.