Ceton kowa da kowa, har da dabbobi? A amsa da waƙa

Ɗan Kwaya: Salama 'yan'uwa. Romawa 8 ce ta tsaya mini a rai, inda Bulus ke cewa dukan halitta tana nishi tana jiran 'yanci, to na ce bari in kawo ta nan amma da sharaɗi, duk mai amsawa da waƙa zai amsa. Amsa-amo "wa" ne, wanda ya matse shi ya canza ba laifi.

Bulus ya ce halitta duka tana nishi,
Kamar mace a kan gwiwa, jiran haihuwa.
Bai ce ɗan Adam kaɗai ke kuka ba,
Halitta ya ce, daga tsuntsu har giwa.
To jakin da ya ɗau itace har ya tsufa,
Ya faɗi a bakin hanya ba mai dubawa,
In an busa ƙaho matattu sun tashi,
Shi ƙasa ce rabonsa, ba ya tasowa?
Ta biyu ma ta fi wannan nauyi,
Jinin gicciye har ina yake kaiwa?
Wanda ya tuba, wannan mun san nasa,
Wanda bai tuba ba fa, babu ranar komowa?

Baba Dattijo: Ɗana tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya, bari in fara da mai nauyin.

Ɗana buɗe Matiyu 25,
Aya ta ƙarshe ba ta son ƙarawa.
Tumaki a dama, awaki a hagu,
Rai na har abada, azaba ba ƙarewa.
Mai arziki ya roƙi ɗigon ruwa a harshe,
Ibrahim ya ce akwai rami, ba ƙetarewa.
Ba ni na faɗa ba, Yesu ne ya faɗa,
Bakin da ya ce "ku zo" shi ke tsawatarwa.
Batun jaki kuwa ban rufe ƙofa ba,
Bai yi zunubi ba, ba abin yafewa.
Amma mutum aka yi cikin siffar Allah,
Ba a ce haka ga dabba ba a Farawa.

Kuma ka tuna, a 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar nan, kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham kaɗai ya koma da rai. In kowa zai shiga ko ya ji ko bai ji ba, me ya fito da su daga gidajen iyayensu?

'Yar Seminari: Baba ina gaisuwa, a yi haƙuri in sa baki cikin maganar manya. Zancen nan fa ba 'yan intanet suka ƙirƙiro shi ba, tun ƙarni na 3 Orijin na Iskandariya a Masar yake koyar da cewa a ƙarshe Allah zai maido da komai gare shi kuma wutar ma ta tsarkakewa ce, Girgori na Nissa a ƙarni na 4 ya bi kusan wannan layin kuma har yau waliyyi ne a wajen Katolika da Otodoks. Agustin bishop na Hippo, a Aljeriya ta yau, shi ya tsaya ya ce a'a, sannan a 543 zamanin Sarki Justiniyan aka la'anci koyarwar a Kustantiniya, a babban taron ikkilisiya na 553 ma sunan Orijin ya shiga jerin waɗanda aka la'anta. Saboda haka mafi yawan ikkilisiya na bayan Baba, wannan gaskiya ne. Sai dai ayoyin nan ba a goge su ba.

Ka kawo Matiyu, Baba, na karɓa,
Ga Korantiyawa ta fari ina miƙawa:
Yadda duka ke mutuwa cikin Adamu,
Cikin Almasihu duka za su sami rayuwa.
Timoti ta fari ta ce Allah yana so
Dukan mutane su tsira, ba warewa.
Kolosiyawa ta ce ta jinin gicciyensa
Na sama da na ƙasa duka yake sulhuntawa.
Makiyayin da ya bar 99 a jeji,
Nema yake har ya same ta, ba dainawa.
Ban ce na san kowa zai shiga ba,
Fata nake yi, kuma fata ba a hanawa.

Kawu Manomi: Ni dai ku bar ni da dabbobin, su na sani, da su nake wuni. Na canza amsa-amo zuwa "ki".

Da Nuhu ya fito jirgi an yi alkawari,
Ba da mutum kaɗai ba, har tumaki da awaki.
An ce wa Yunusa Nineba ta fi mutum dubu 120,
Aka ƙara da dabbobi masu yawa a ciki.
Zabura 36, mutum da dabba yake kiyayewa,
Duk ran da na karanta sai in yi mamaki.
Bal'amu da idonsa bai ga mala'ika ba,
Jakarsa ta gani, aka buɗe mata baki.
Gwarare biyu anini ake sayar da su,
Ko ɗaya ba ta faɗuwa sai da sanin Sarki.
Ishaya ya hango kyarkeci tare da ɗan rago,
Ciyawa irin ta sa ita ce abincin zaki.
Sabuwar duniya babu kukan tsuntsu da asuba?
Wa zai yarda Mai halitta ya watsar da aiki?

'Yar Seminari: Kawu ba kai kaɗai ba ne, John Wesley uban Metodis ya yi wa'azi a 1781 a kan Romawa 8 ɗin nan ya ce dabbobi ma za a 'yantar da su a rama musu wahalar da suka sha saboda faɗuwar mutum. Toma Akwinas, malamin tauhidin Katolika, kam ya ce ran dabba yana ƙarewa tare da jikinta. Fafaroma Francis a wasiƙarsa ta 2015 kan muhalli ya ce a rai madawwami kowace halitta za ta sami gurbinta.

Maƙwabcinku: Ni Musulmi ne amma waƙar Kawu ta sa ba zan wuce shiru ba, ga abin da muka karanta a namu ɓangaren.

Ranar tsayuwa za a tara dabbobi,
Tunkiya marar ƙaho a karɓar mata hakki,
Daga mai ƙahon da ta tunkuye ta a duniya,
Sannan su koma ƙasa da izinin Sarki.

Maman Marayu: Na karanta duka, abin ya taɓa ni inda ba ku zata ba. 'Yata ta seminari da ke nake.

Jaki ya shiga, ban ja da wannan ba,
Jaki ba ya ɗaukar bindiga ya nufi gona.
'Yata mai fata, tambaya ɗaya gare ni,
Har da wanda ya harbe mini mijina?
Ya ci ya sha ya mutu bai ce a yafe ba,
Mu zauna teburi ɗaya da shi a aljanna?
Na yafe don Ubangiji ya ce in yafe,
Amma jinin Habila ya yi kuka, ku tuna.
Rayukan da ke ƙarƙashin bagade a Wahayi,
"Har yaushe?" suke kira, shi ne kirana.
In an share komai kamar ba a yi ba,
Da wane baki zan yi wa ɗana magana?

'Yar Seminari: Mama na durƙusa, Allah ya ta'azantar da ke da yaran. Ban isa in ce ki bar wannan tambaya ba.

Masu wannan fata ba su ce babu wuta ba,
Sun ce akwai ta, Mama, kuma tana da ƙuna.
Ba ya fita sai ya biya anini na ƙarshe,
Sai ya dubi abin da ya yi a hanyar gona.
Shawulu ya tsare rigunan masu jifan Istifanas,
Yau wasiƙunsa muke karantawa kowace rana.
In mugun ya shiga, ba mugu ne zai shiga ba,
Muguntar ta ƙone, sai mutumin da suna.

Baba Dattijo: 'Yata kin yi magana da ladabi, amma Shawulu da ransa ya tuba.

A hanyar Dimashƙu ya faɗi yana numfashi,
Ba bayan kabari aka canza masa suna... 

a'a bari in gyara baitin nan yadda Nassi ya ce:

A hanyar Dimashƙu ya faɗi yana numfashi,
Ya tashi ya yi baftisma da sauran kwana.
Ibraniyawa 9 ta ce mutuwa sau ɗaya ce,
Bayanta shari'a, nan aka tsai da magana.
Ɓarayi biyu aka gicciye tare da Yesu,
Ɗaya ya roƙa, shi aka yi wa alkawarin aljanna.
Na biyun fa, 'yata, me aka ce masa?
Nuna mini ayar in sa ta a bakina.

'Yar Seminari:

Ba a ce masa komai ba, Baba, na yarda,
Ba ni da ayar da ta kira shi da suna.
Amma kafin ɓarawo ko ɗaya ya roƙa,
Luka 23 ta riga ta kawo magana:
"Uba ka yafe musu," ga masu buga ƙusa,
Tun ba wanda ya tuba cikinsu a wannan rana.
Addu'ar Ɗan Allah ce daga kan gicciye,
Zan ce Uban ya ƙi ji? Ya fi ƙarfin bakina.

Maman Marayu: Na ji ki 'yata, na gode da ba ki kauce wa tambayata ba. Ni dai har yanzu ina wajen Baba. Ku ci gaba ina karantawa.