Yarona na atishawa da tarin dare tun shigowar hunturu, me zan yi?

Uwa daga Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Ɗana mai shekara 7 ne ya hana mu barci. Tun da buji ya fara sauka a watan Nuwamba yake atishawa ba ƙaƙƙautawa, majina kamar ruwa, idanu jajur yana ta murza su. Babu zazzaɓi, yana cin abincinsa, yana zuwa lakwal. Amma da dare sai tari, wani lokaci ƙirjinsa har fito yake yi. Bara ma haka muka yi har damina ta faɗi. Ya sha amoksisilin bai ji sauƙi ba. Kakarsa ta sayo masa wasu ƙananan ƙwayoyi wurin masu tallan magani, ana ce musu deksa, kuma gaskiya in ya sha yana lafawa. Sati uku ke nan yana sha. In ci gaba da ba shi?

Hajiya daga Ƙwanni: Wa alaikumus salam ɗiyata. Sanyi ne ya kama shi. Ki hana shi ruwan randa da fura da dare, ki shafa masa man kaɗanya a hanci. Allah ya ba shi lafiya.

Ma'aikacin jinya, Yamai: Hajiya, man kaɗanya a bakin hanci ba laifi, yana hana bushewa. Amma murar sanyi kwana 7 zuwa 10 take yi ta wuce. Wadda ta ɗauki watanni, ba zazzaɓi, ga ƙaiƙayin ido, kuma tana dawowa duk shekara lokaci guda, ta fi kama da alerji. Garkuwar jikin yaron ce ke ɗaukar ƙura a matsayin abokin gaba, sai ta saki wani sinadari, histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da majina da kumburin cikin hanci. Babu ƙwayar cuta a ciki, shi ya sa amoksisilin bai yi komai ba.

Malama, abin da ya fi damuna deksa ne. Ƙwarai tana kwantar da kumburi, amma in aka daɗe ana sha tana kumbura fuska, ta ɗaga suga da hawan jini, ta rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta, kuma tana iya tauye girman yaro. Tunda ya yi sati uku, kada ki yanke masa ita rana ɗaya. Ki ɗauki kwalin ki kai wa majo ko likita, su za su nuna miki yadda ake ragewa a hankali. Ki kuma gaya musu zancen fiton ƙirji da dare kafin komai, don wannan alamar asma ce, wato fuka, kuma ita da alerjin hanci tare suke tafiya a yara da yawa. A danginku akwai mai fuka ko borin jini?

Uwa daga Tawa: Babansa na da fuka tun yana ƙarami. Amma mutanen gida sun ce in yaro ya fara shaƙar abin fesawar nan na masu fuka ba ya rabuwa da shi har abada.

Baban ƴan biyu: Ƴar uwa, wannan magana ta sa na ɓata wa ɗiyata lokaci a banza. Bantolin, wato maganin fesawar nan, ba ya kama mutum, hanyar numfashi kawai yake buɗewa idan ta matse. Likita ya nuna mana yadda ake huda gindin gorar ruwa ta rabin lita a sa bakin abin fesawar, yarinya ta shaƙa ta ɗaya bakin. Abin da ya taimaka mana kuma: mun daina kunna maganin sauro na hayaƙi, muka koma gidan sauro, uwarta ta fitar da turaren wuta daga ɗakin kwana. Nan aka sha rigima, amma tarin ya ragu. A yayyafa ruwa kafin shara, yaro kuma ya fita waje tukuna.

Ma'aikacin jinya, Yamai: Haka ne. Ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na Chadi yawancinta ke tasowa, ba mai tare ta, sai dai takunkumi ranar da hazo ya yi yawa. Ta cikin ɗaki ce ke hannunki: a shanya katifa da barguna a rana, a yaƙi kyankyaso. Wanke hanci da ruwan gishirin farmasi safe da yamma na taimakawa. A magungunan alerji, setirizin ko loratadin sun fi kulorfenamin dacewa da ɗan lakwal don ba su cika sa barci ba, amma likita ya faɗi adadin.

In kin ga haƙarƙarinsa na lotsawa wurin numfashi, ko ya kasa ƙarasa magana, ko leɓɓansa sun canza launi, asibiti a take, ko tsakar dare ne. Haka in zazzaɓi mai zafi ya zo da sandarewar wuya, don lokacin sanƙarau ne wannan.

Uwa daga Tawa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe da safe za mu je da kwalin. Baban ƴan biyu, don Allah turo min hoton gorar nan in nuna wa babansa.